Ƙwaƙwalwa Ta Ci Bashi, Ƙoda Ta Biya

A shekarar 1883, a birnin Leipzig na ƙasar Jamus, wasu masana biyu suka buga rahoton wani gwaji da suka yi a kan karnuka. Babban cikinsu shi ne Julius Cohnheim, wanda ya riga ya yi suna a binciken cututtuka. Ƙaramin kuwa wani matashi ne ɗan Sikotilan, Charles Roy, mai hannun ƙira. Roy ya ƙera wani ɗan akwatin ƙarfe mai ɓari biyu, daidai girman ƙodar kare. Sai a sa wa karen maganin barci, a buɗe cikinsa, a rufe ƙodar a cikin akwatin ba tare da an raba ta da jiki ba, jijiyoyinta duka suna nan a haɗe ta wata 'yar kafa. Ratar da ta rage tsakanin ƙoda da ƙarfe a cika ta da mai mai ɗumi, a haɗa man da wani alƙalami da ke zane a kan takarda mai juyawa. In ƙodar ta cika da jini ta kumbura, man ya tura alƙalamin sama. In ta motse, alƙalamin ya sauko.

Da farko abin da hankali zai ba kowa shi suka gani: duk bugun zuciya ɗaya, alƙalami ya ɗan ɗaga. Sai suka tsayar da numfashin karen na ɗan lokaci. Matsin jini a jikinsa ya yi sama, kamar yadda aka san yana yi in iska ta yanke. Tunda jini na tahowa da ƙarfi fiye da da, kamata ya yi ƙodar ta ƙara kumbura. Sai ga alƙalami ya yi ƙasa. Ƙodar ta tsuke, ta matse jinin da ke cikinta ta mayar wa jiki. Da aka yanke jijiyoyin saƙo da ke shiga ƙodar, aka sake gwajin, sai ta bar wannan hali, ta koma tana kumbura da hawan matsi kamar salka. Ashe ba don raɗin kanta take tsukewa ba, umarni ake aiko mata daga sama.

Kafin mu yi nisa, Hausa ta haɗa abu biyu a kalmar jijiya, kuma labarin nan ba zai fahimtu ba sai mun raba su. Za mu ce jijiyar jini ga bututun da jini ke bi, jijiyar saƙo kuma ga zaren da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi. Matsin jini kuwa shi ne lambobin nan biyu da ake karanto mana in an ɗaura mana abin awo a damtse, waɗanda in sun zarce ƙima muke cewa hawan jini.

Me ya sa ƙoda? Amsar na cikin rabon jini. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, tana kuma cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita in mutum na hutawa. Ba ta da rumbu. In jini ya yanke mata gaba ɗaya, kafin daƙiƙa 10 mutum ya suma, in aka kai 'yan mintoci ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Ƙodoji biyu kuwa a haɗe nauyinsu bai fi giram 300 ba, amma rabonsu kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne, sama da lita ɗaya duk minti. Wannan jini ba na ci ba ne, na aiki ne. Suna tace kusan lita 180 na ruwa daga jini a yini, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ya fita a matsayin fitsari. Tun a ƙarni na 19 Claude Bernard, babban masanin aikin jiki na Faransa, ya lura cewa jinin da ke fitowa daga ƙoda mai aiki ja wur yake, ba baƙi-baƙi kamar wanda ke fitowa daga sauran gaɓoɓi ba, domin kaɗan ta taɓa daga oksijin ɗin cikinsa. Ƙoda ita ce mai hali a cikin dangi. Ranar da abu ya taso, ƙofarta ake fara ƙwanƙwasawa.

Bernard ɗin ne dai a 1859 ya nuna cewa in aka yanke jijiyar saƙo da ke zuwa ƙoda fitsari na ƙaruwa, in aka tsokane ta da lantarki ya ragu. A 1871 wani Barashe mai suna Owsjannikow, yana aiki a ɗakin gwajin Carl Ludwig a Leipzig, ya gano inda umarnin ke fitowa. Ya riƙa yanka ƙwaƙwalwar zomo daga sama zuwa ƙasa, yanki bayan yanki, matsin jini na nan bai motsa ba, sai da wuƙa ta iso wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya inda take haɗuwa da laka, sannan matsin ya rushe. A 1889 kuma John Rose Bradford a Landan ya bi sawun hanyar, ya nuna ta waɗanne rassan laka saƙon ke fita zuwa jijiyoyin jinin ƙoda. An san ofishin, an san layin wayar. Abin da ya rage shi ne a ga yadda ofishin zai yi in shi kansa aka hana shi jini, sauran jiki na lafiya.

Wanda sunansa ya maƙale wa wannan tambaya shi ne Harvey Cushing, ɗan Amurka, wanda daga baya ya zama uban tiyatar ƙwaƙwalwa. A ƙarshen 1900 yana da shekara 31 ya isa birnin Bern na Suwizalan, wajen shahararren likitan fiɗa Theodor Kocher. Likitocin lokacin sun daɗe suna ganin wani abu a jikin wanda ya bugu a kai jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa: bugun zuciya ya yi jinkiri, ya yi ƙarfi, numfashi ya rikice. Kocher ya ba Cushing aikin binciko abin da ke faruwa, ya tura shi ɗakin gwajin Hugo Kronecker.

Cushing ya huda ƙoƙon kan kare, ya sa bututu mai tura ruwan gishiri ciki yadda zai iya ƙara matsin da ke kan ƙwaƙwalwa daidai yadda ya so. Ya kuma buɗe wata 'yar taga ya sa mata gilashi, yana kallon jijiyoyin jinin da ke saman ƙwaƙwalwar da idonsa. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗawa, don haka in matsin cikinsa ya kusa kamo matsin jini, jinin ba ya samun shiga. Ta tagar nan Cushing ya ga ƙwaƙwalwa ta yi fari. Can sai matsin jinin karen ya tashi, ya ɗan haura matsin da ke cikin kai, ja ya dawo. Ya ƙara ruwa, ƙwaƙwalwa ta sake yin fari, matsin jini ya sake hawa ya tsaya kaɗan sama da nasa. Haka suka yi ta yi kamar masu tayi a kasuwa, duk abin da ya taya jiki ya ɗora kaɗan a kai, har matsin ya haura 200. Da ya duba hanjin karen a daidai wannan lokaci, sai ya ga jijiyoyin jininsa na tsukewa. Da ya kashe gindin ƙwaƙwalwa da hodar ibilis, wadda a zamanin ita ce maganin kashe zafi na likitoci, ko ya yanke laka, sai tayin ya tsaya.

Ya buga sakamakon a 1901, kuma har gobe ɗaliban likitanci da sunansa suke kiran abin. Wasu Jamusawa biyu, Naunyn da Schreiber, sun bayyana kusan abu ɗaya tun 1881, sai dai kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Abin da ba za a ƙwace wa Cushing ba shi ne fassarar da ya yi: hawan jinin da ake gani a irin wannan hali ƙwaƙwalwa ce ke ƙoƙarin ceton kanta, wanda ya yi gaggawar sauke shi ba tare da ya cire abin da ke danne ta ba ya taimaka wa ajali. Wannan tunani na nan da ransa. Shi ya sa a kwanakin farko na shanyewar ɓarin jiki irin wadda toshewar jijiya ke kawowa, likitoci ba sa rige-rigen sauke matsin jini sai in ya wuce wani mataki mai tsanani, abin da kan ɗaure wa 'yan'uwan majiyyaci kai. A wannan tafiyar ce kuma, da ya biya ta Pavia a Italiya, Cushing ya ga abin awon jini na ɗaurawa a damtse wanda Riva-Rocci ya ƙirƙiro a 1896, ya tafi da samfurinsa Amurka.

Ba kullum jiki ke jira sai ƙwaƙwalwa ta yi fari ba. A shekarun 1920 Heinrich Hering a Jamus da Corneille Heymans a birnin Ghent na Beljiyam suka nuna cewa a wuya, inda babbar jijiyar jini mai zuwa kai ta rabu biyu, akwai masu gadi da ke auna matsin jinin da ke hawa. Da ya ɗan ragu, sai su sanar da gindin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta tsuke jijiyoyin jinin ciki da na fata da na ƙoda. Wannan na faruwa duk lokacin da muka miƙe tsaye daga kwance. Heymans ya samu kyautar Nobel ta 1938.

Sai yaƙi ya zo ya mayar da maganar daga karnuka zuwa mutane. A lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, likitocin asibitin Hammersmith suka ga wani abu da ya dame su. A zaƙulo mutum daga ƙarƙashin ɓaraguzai bayan awoyi, ƙafarsa a danne, a ba shi ruwa da jini, ya farfaɗo yana hira. Sai fitsarinsa ya yi ta raguwa, ya yi duhu, ya ɗauke, bayan kamar mako guda ya rasu. Eric Bywaters da Desmond Beall suka rubuta labarin mutum 4 irin waɗannan a 1941. Daga baya Bywaters ya gano cewa wani sinadari da ke fita daga naman da ya dagargaje yana lalata bututun ƙoda. Amma ba shi kaɗai ba ne, domin an ga ƙoda ta tsaya a jikin waɗanda jini kawai suka zubar, ba abin da ya danne su. A 1944, a asibitin Bellevue na New York, André Cournand da abokan aikinsa Lauson da Bradley suka auna jinin da ke bi ta ƙodar mutanen da aka kawo cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai bayan rauni ko zubar jini. Suka samu cewa rabon ƙoda ya faɗi fiye da yadda jinin da zuciya ke turawa ya faɗi. Ƙarancin bai raba daidai ba, da gangan aka zaftare nata.

Josep Trueta, likitan fiɗa daga Barsalona wanda ya yi jinyar waɗanda bam ya raunata a yaƙin basasar Sifen kafin ya yi gudun hijira zuwa Ingila a 1939, ya ɗauki tambayar zuwa Oxford. Shi da abokan aikinsa suka riƙa ɗaure ƙafar zomo, suna ɗaukar hoton yadda jini ke bi cikin ƙoda. Suka ga ɓawon ƙodar, inda matatun suke, ya yi fari, can tsakiyarta kuwa da sauran jini. A littafinsu na 1947 suka ce jijiyoyin saƙo na karkatar da jini ta wata gajeriyar hanya ya tsallake matatun. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da wannan gajeriyar hanya yadda suka zana ta ba, amma hoton ɓawon ƙoda da ya yi fari bisa umarnin jijiyar saƙo ya zauna a kan likitoci.

Wanda ya sa wa abin lambobi shi ne Arthur Guyton. Yana koyon tiyata a Boston a 1946 shan inna ya kama shi, ya taɓa masa ƙafa da hannu da kafaɗu, wuƙar fiɗa ta fi ƙarfinsa. Ya ƙera wa kansa keken guragu mai inji, ya koma jiharsu ta Mississippi, ya rungumi bincike. 'Ya'yansa 10 duk likitoci suka zama, littafinsa na koyarwa da ya fara fitowa a 1956 kuwa har yau ba ɗalibin likitanci a Zariya ko Kano ko Maiduguri da bai san nauyinsa a jaka ba. A 1948 ya buga gwajinsa na rage jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwar karnuka, ya nuna cewa yunwar ƙwaƙwalwa ita kanta na tayar da matsin jini da ƙarfin da ya zarce na masu gadin wuya. Yadda littafinsa ya tsara abin: wannan martani ba ya farawa sosai sai matsakaicin matsin jini ya faɗi ƙasa da 60, yana kaiwa ƙololuwa a wajen 15 zuwa 20, kuma yana iya cilla matsin har 250 na tsawon mintoci kamar 10. A wannan hali wasu jijiyoyin jini na rufewa ruf, ƙoda kan daina yin fitsari ɗungurum. In jini bai dawo wa ƙwaƙwalwa ba cikin 'yan mintoci, ofishin da ke ba da umarnin shi ma ya mutu, matsi ya faɗi, shi ke nan.

Mu masu rubuta manhaja wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, mai waya ma ya san shi ko da bai san sunansa ba. In waya ta cika da aiki wurin ajiyarta ya ƙure, tsarin da ke tafiyar da ita na da jerin fifiko: ya rufe manhajojin da ke baya ɗaya bayan ɗaya don abin da ke gabanka ya ci gaba, kuma ba ya taɓa farawa da kansa. Jiki ma haka. Umarnin a tsuke yana kama jijiyoyin jinin ƙoda da hanji da fata da ƙarfi, amma na ƙwaƙwalwa da na zuciya ba sa jin sa sosai. Duk wanda ya rufe famfonsa ya ƙara wa gidan sama ruwa.

Umarnin ma hawa-hawa ne, kamar yadda binciken Gerald DiBona da wasu ya nuna daga baya. In saƙon jijiya kaɗan ne, ƙoda ta saki wani sinadari mai tayar da matsi. In ya ƙaru, ta riƙe gishiri da ruwa ta hana su fita. Sai ya yi tsanani sannan jijiyoyin jininta su tsuke. Kuma cinikin na da ma'ana, domin ƙwayar ƙwaƙwalwa in ta mutu ta tafi, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bututun ƙoda kuwa suna sake tsirowa in mutum ya rayu mako biyu ko uku. Matsalar mutanen Hammersmith ita ce ba abin da zai riƙe su har ƙodar ta warke. Na'urar wankin ƙoda da Willem Kolff ya haɗa a ƙasar Holan lokacin yaƙin ba ta ceci majiyyacinta na farko ba sai a 1945. Wadatar ƙoda ma ba ko'ina ta kai ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na jininta a ɓawo yake bi, tsakiyarta kuwa, inda ake aikin janyo gishiri mai cin oksijin, kullum a bakin gaɓa take ko da lafiya lau. In rancen ya daɗe, nan ne ke fara lalacewa.

Zuwa nan labarin ya yi kama da na sarki da talaka. Amma ƙoda na da bakin magana, kuma sai mun ɗan koma baya za mu ji ta. A 1898 Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman a Stockholm suka yi wa zomo allurar ruwan da suka tatso daga ƙodar wani zomon, matsin jininsa ya hau. Suka sa wa sinadarin suna renin, duniya ta yi biris da shi sama da shekara 30. A 1934 Harry Goldblatt a Cleveland ya maƙala wa jijiyar jinin ƙodar kare wani ɗan matsi na azurfa, ya rage jinin da ke shiga, karen ya kamu da hawan jini mai ɗorewa. Wato abin da ƙwaƙwalwa ke yi in an rage mata jini, ƙoda ma na yi, sai dai ita a hankali take nata kuma ba ta saki. Ƙungiyoyi biyu, ta Irvine Page a Amurka da ta Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina, suka gano sinadarin da renin ke haifarwa a jini a wajen 1939 zuwa 1940, kowa ya raɗa masa suna, sai a 1958 suka sasanta a kan angiotensin. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da iyayenmu ke sha wannan hanya suke tarewa. A 1961 kuma aka nuna cewa angiotensin na aiki a kan ƙwaƙwalwa ita kanta ya sa ta ƙara tayar da matsi, daga baya aka gano har ƙishirwa yana jawowa. Ƙoda ma na aika wa sama umarni ke nan.

To wa ke riƙe da ragamar matsin jini? A nan aka yi wata jayayya da ke burge mu, domin duka ɓangarorin biyu da kwamfuta suka yi ta. Guyton, wanda ya auna ƙarfin ƙwaƙwalwa da hannunsa, ɓangaren ƙoda ya koma. Shi da Thomas Coleman da Harris Granger suka buga a 1972 wani zane na zagayen jini gaba ɗaya, akwatuna sama da 300 kowanne ɗauke da lissafi, aka zuba a kwamfuta. Wanda ya taɓa ganin zanen ya san ido ba ya iya bin sa, ya fi kama da cikin rediyo. Abin da ya fito daga ciki: jijiyoyin saƙo na daƙiƙoƙi da mintoci ne, bayan kwana ɗaya ko biyu sun saba da sabon matsi. Ƙoda kuwa in matsi ya hau sai ta ƙara zubar da gishiri da ruwa, ba ta dainawa sai ya dawo inda take so. Gwajin ɓeraye a shekarun 1970 ya mara masa baya: a ɗauki ƙodar ɓera mai gadon hawan jini a dasa wa lafiyayye, hawan jinin ya bi ƙodar.

A Landan kuwa John Dickinson ya tsaya a ɓangaren ƙwaƙwalwa. A 1960 shi da Thomson suka auna yadda ruwa ke wucewa ta manyan jijiyoyin jinin wuya a gawarwaki, suka samu cewa waɗanda suka yi fama da hawan jini a rayuwarsu hanyoyinsu sun fi ƙunci, musamman biyun nan na baya masu ciyar da gindin ƙwaƙwalwa. Kowa ya ce ai hawan jinin ne ya ɓata su. Dickinson ya ce a juya maganar: ƙuncin ne ya fara, ƙwaƙwalwa ta tayar da matsi don ta ƙoshi, abin da Cushing ya gani cikin mintoci shi ne ke faruwa a hankali cikin shekaru. Ya rubuta littafi a kan haka a 1965, mutane ƙalilan suka bi shi. Shi ma gwanin manhaja ne. A shekarun 1970, tare da jami'ar McMaster ta Kanada, ya rubuta jerin manhajojin koyarwa masu kwaikwayon zuciya da huhu da ƙoda, ta ƙodar ya sa mata suna MacPee. A 2016 wasu masu bincike a Birtaniya suka ɗauki hoton jijiyoyin kan mutane masu rai, suka samu cewa ƙuncin jijiyoyin baya irin wanda ake haihuwar mutum da shi ya fi yawa a cikin masu hawan jini. Wannan bai yanke hukunci ba, amma ya dawo da Dickinson cikin zance.

Ra'ayinmu a nan na masu sana'a ne. Kwamfuta ba ta ƙarya, amma ba ta da abin faɗa sai abin da aka zuba mata. In ka rubuta a lissafinka cewa ƙoda ce kaɗai ƙofar fitar gishiri kuma matsi ne ke buɗe ta, dole sakamako ya ce ƙoda ce sarki, masu sukar zanen Guyton sun daɗe suna faɗar haka. Amma shi ma Dickinson ba zai tayar da matsi na shekaru ba tare da ƙoda ta yarda ba, in ba haka ba za ta zubar da ruwa ta rushe masa aiki. Mu a ganinmu injin na ƙoda ne, tambayar da ta rage ita ce wa ke murɗa saitinsa, kuma jijiyoyin da Bradford ya bi sawunsu na cikin masu iya murɗawa.

An gwada yanke layin don a gani. A shekarun 1940 Reginald Smithwick a Boston ya riƙa yanke jijiyoyin saƙo na bayan ciki ga masu mummunan hawan jini. Matsi na sauka, amma da yawa in sun miƙe tsaye jiri ya kwashe su. A 2009 aka dawo da dabarar a sabon salo: a zura siririn bututu ta jijiyar jinin cinya har zuwa ta ƙoda, a ƙona jijiyoyin saƙon da ke kewaye da ita. Sakamakon farko ya sa aka yi ta murna. A 2014 aka yi babban gwaji da mutum 535, wasu aka yi musu aikin gaske, wasu aka yi musu na bogi ba su sani ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Aka gyara kayan aiki da tsarin gwaji, aka samu raguwa ta gaskiya amma 'yar kaɗan, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urori biyu a 2023. Kowane ɓangare ya karanta wannan a matsayin shaidarsa.

Inda ba a jayayya shi ne ƙarshen tayin Cushing. A shekarun 1980, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, Dimitri Novitzky da abokan aikinsa suka hura balan-balan a cikin ƙoƙon kan gwaggon biri don su ga abin da mutuwar ƙwaƙwalwa ke yi wa gaɓoɓin da za a dasa wa wani. Suka ga guguwar saƙo na fita a mintocin ƙarshe, matsi ya yi sama, jijiyoyin jini su tsuke, sannan komai ya saki. Ƙodar da ta ratsa wannan guguwa da tabo take isa jikin sabon mai ita. A 1995 Paul Terasaki ya duba alƙaluman Amurka: ƙodar da miji ko mata suka bayar, duk da ba jini ɗaya ba, kashi 85 cikin 100 na aiki bayan shekara 3, wadda aka ɗauko daga mamaci kuwa kashi 70. A Najeriya, inda aka fara dashen ƙoda a Legas a 2000 Kano ta biyo baya a 2002, daga masu rai ake karɓar ƙodar, don haka wannan ɓangare bai iso mu ba tukuna.

Wanda ya iso mu tuntuni shi ne na ɗakin haihuwa da na gefen titi. Mace ta zubar da jini bayan haihuwa, ko matashi ya faɗo daga babur jini na tsiyaya a cikinsa ba a gani. Idonsu biyu, suna amsa sannu, abin awo ma na iya nuna matsi daidai, domin mai ƙuruciya kan riƙe matsinsa har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa. Dangi su ce alhamdu lillahi da sauƙi. Maganar da majiyyacin ke yi shaida ce cewa ƙwaƙwalwa na samun rabonta, ba ta faɗi daga aljihun wa ake biya ba. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke sa robar fitsari, tana durƙusawa duk awa tana duba jakar da ke rataye a gefen gado tana rubutawa. Abin da take nema ga babban mutum shi ne rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa duk awa, wato kamar mililita 30, cokali biyu na cin abinci. In ya gaza haka awa bayan awa, za ta kira likita a ƙara ruwa ko jini a nemo inda yake zuba, ko da majiyyaciyar na zaune tana tambayar a miƙo mata jaririnta.